Yadda ake gudun dogon zango: tsayuwar jiki da inda ƙafa ya kamata ta sauka

Duk wanda ke fitowa bayan sallar asuba a garuruwanmu na nan wajen Gaya, Ringim, Jahun har su Dawakin Kudu ya san yanzu samari sun kama gudu ka'in da na'in, musamman in aka ji an buɗe shafin ɗaukar soja ko 'yan sanda, sai kaga yara biyar goma sun jero gefen titi suna haki, wani da kambas, wani da takalmin ƙwallo, wani ma silifas ne ya ɗaure da tsumma. Abin sha'awa gaskiya. Amma ka dawo bayan sati uku ka ƙirga su, rabi sun ajiye, wannan yace ƙwauri, wancan yace gwiwa, wani kuma da safe in ya sauko daga gado sai ya yi ta ɗingishi kafin diddigen ya saki. Kuma ba ragwanta bace, yaran nan su ne ke wuni a gona suna huɗa rana na dukansu. Ƙarfi akwai shi, yadda ake taka ƙasar ne ba wanda ya zauna ya nuna musu.

Kashi biyu nake gani. Akwai masu buɗe ƙafa, su a ganinsu dogon taku shi ne gudu, sai mutum ya wurga ƙafa can gaba ta faɗo tim a kan diddige gwiwa a miƙe. Akwai kuma waɗanda suka kalli bidiyo a Facebook ko TikTok aka ce musu wai taka diddige kuskure ne, sai suka koma gudun sanɗa a kan yatsu, diddige ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Na farko gwiwa da ƙwauri ne ke biya, na biyu kuma agara da sha raɓa. To ƙanena abu ɗaya zaka riƙe a duk bayanin nan: wane ɓangaren ƙafa ne ya fara taɓa ƙasa bai kai muhimmancin a ina ƙafar ta sauka ba, can gabanka ne ko kusa da ƙarƙashin jikinka.

Farko, ka san yadda kake gudu yanzu kafin ka gyara komai

Abu huɗu zaka duba kuma ba wanda zai ci maka kuɗi.

Ƙirga taku. Bayan ka yi kamar minti goma kana sassarfa jiki ya ɗau zafi, ka kalli agogo ko waya, ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin sakan 30, sai ka ninka sau huɗu. In ka samu 40 kenan takunka 160 a minti. Ka rubuta shi wani wuri zamu dawo kansa.

Sai kunne. Cire iyafis ɗin nan ka saurari kanka a kan kwalta. In kana jin fat fat fat har mai shayi na ɗago kai ya ga waye, to kana dukan ƙasa ne. Wanda ya iya, sai ya zo daf da kai kafin ka ji tahowarsa.

Na uku sawu, kuma nan mu mutanen karkara mun fi 'yan birni sa'a tunda ƙasa muke da ita ba intalok ba. Ka samu fili mai ƙasa a daddaɓe da ɗan danshi, washegarin ruwan sama ya fi, in rani ne kuma ka share wani wuri a filin firamare ka yayyafa ruwa. Ka ja layi miƙaƙƙe da kara, ka taho da gudunka na kullum ka bi ta kan layin, sannan ka dawo ka tsuguna ka karanta. In kaga wurin diddige ya yi rami mai zurfi, ƙasa ta ɗan taru ta gaban ramin alamar ƙafar ta turje, to birki kake takawa kowane taku. In kuma babu alamar diddige sam sai gaban ƙafa ya nutse, kana cikin 'yan sanɗa. Sawu mai kyau zaka ga tafin ya fito kusan gaba ɗaya, ya fi zurfi wajen gindin babban yatsa inda ka tunkuɗa, da ɗan ɓurɓushin ƙasa da aka watsa baya. Ka duba layin kuma, ƙafar dama ta tsaya a damansa ta hagu a hagunsa ko da ɗan kaɗan ne, in suna tsallakawa dama ta koma hagu hagu ta koma dama to kana harɗe ƙafa, wannan shi ke kawo wa wasu ciwon gefen gwiwa ta waje da ciwon ƙwauri. Kar ka yi gwajin a rairayi mai zurfi, can kowa sawunsa rami ne ba abin da zaka gane.

Na huɗu bidiyo. Abokinka ya tsuguna a gefe kamar taku shida daga inda zaka wuce, waya daidai tsayin ƙugunka, ya ɗauka, in wayar na da ɗaukar da ke rage sauri ya sa ta. Kuma ya ɗauke ka bayan ka ɗan gaji, saboda kowa in ya san ana ɗaukarsa da farko sai ya yi gudun gayu. Ku tsayar da bidiyon daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa ku kalli ƙwauri. In yana tsaye kusan cak, gwiwa ta ɗan lanƙwasa tana saman idon sawu, lafiya lau. In ya kwanta, ƙafa na can gaba gwiwa a baya kuma a miƙe, yatsu na kallon sama, ga matsalar nan.

Na biyu, tsayuwa

Ka miƙe tsawonka, kai a sama, ido na kallon kamar taku ashirin a gabanka ba kan takalminka ba, haɓa ba ta ɗage sama ba kuma ba ta manne da ƙirji ba. Kafaɗu a sake. Ana so jiki ya ɗan karkata gaba amma daga idon sawu, jiki gaba ɗaya a layi ɗaya, banda ranƙwafawa daga ƙugu, wadda yawancinmu muke yi don mun saba da duƙe a gona da kan mashin. In ka ranƙwafa ɗuwawu ya koma baya, ƙirji ya matse, kuma dole ƙafa ta miƙa gaba don ta tare ka.

Ga yadda zaka ji shi a jikinka. Tsaya ƙafafu a haɗe, ka bar jikinka ya fara faɗuwa gaba a miƙe ba tare da ka karya ƙugu ba, har sai ƙafa ɗaya ta fito da kanta ta tare ka. Kalli inda ta sauka, ba ta yi nisa ba ko? To nan ne wurinta. Ka maimaita sau biyar sannan a na shida ka zarce da sassarfa. Karkatar 'yar kaɗan ce fa, wanda ke kallonka ma ba lallai ya lura ba.

Na uku, saukar ƙafa, nan ne maganar take

Duk taku ɗaya na gudu, nauyin da ke hawa ƙafa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Mai kilo 60 kenan ƙafarsa ɗaya na karɓar wajen kilo 120 zuwa 180, kuma in ya yi awa ɗaya a kan taku 160 a minti ya yi taku 9,600. Shi ya sa ƙaramin kuskure da ba zai dame ka a filin ƙwallo ba, a dogon zango sai ya tara ya zama ciwo.

Saukar iri uku ce: diddige ya fara, ko tafin ya sauka kusan a tare, ko gaban ƙafa ya fara sannan diddige ya biyo. Masu cewa dole sai gaban ƙafa suna da abin da suka dogara da shi. A 2010 wani malamin jami'ar Harvard mai suna Daniel Lieberman ya auna masu gudu har da 'yan Kenya da suka tashi ba takalmi, ya ga da yawansu gaban ƙafa ko tsakiya suke sauka, kuma girgizar farko da ke bugun ƙashi ta fi sauƙi a wajensu. Daga nan maganar ta bazu duniya. Sai dai a 2013 wasu suka je arewacin Kenya wajen tafkin Turkana suka auna mutanen Daasanach, su ma ba takalmi suka tashi, sai aka tarar mafi yawansu diddige suke fara saukewa in suna gudun da ba na sauri ba. A Japan ma an ɗauki bidiyon 'yan tseren rabin famfalaki, wato wajen kilomita 21, a birnin Sapporo, kusan kashi 75 cikin ɗari diddige, kashi 24 tsakiya, masu gaban ƙafa ba su kai kashi 2 ba. Sannan a gasar duniya ta Landan a 2017, a cikakken famfalaki, wato gudun yada ƙanin wani mai kilomita 42.195, da aka bi bidiyon sai aka ga yawancinsu masu diddige ne, har da maza huɗun da suka fara shigowa. To in gwanayen duniya na taka diddige suna cin kofi, kai waye zai ce maka laifi ne?

Bambancin shi ne su diddigen nasu shafar ƙasa yake yi, kusa da jiki, gwiwa a lanƙwashe, nan take tafin ya kwanta jiki ya wuce ta kai. Namu kuma ƙafa ce ke zuwa can gaba ta kafe, sai jiki ya zo ya hau ta. Tamkar kana murza totur ne ƙafarka na kan birki, mai na ƙonewa, mashin na wahala, tafiya ba ta sauri.

Kuma sauya saukar ƙafa ba ya ɓatar da nauyin, wuri kawai yake canza masa. Mai diddige gwiwarsa ce ta fi ɗauka. Mai gaban ƙafa kuma idon sawu, agara wato jijiyar nan mai kauri ta bayan diddige, sha raɓa da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa su ke ɗauka. Don haka ni shawarata, in ba abin da ke maka ciwo kuma ƙwaurinka a tsaye yake a bidiyo, ka bar ƙafarka yadda Allah ya yi ta. In gwiwa ce ke damunka kullum, matsowa wajen tsakiyar tafi na iya taimakawa. In agara ce ke damunka, kar ka kuskura ka koma kan yatsu, ƙara mata kaya zaka yi.

Yadda zaka koya: ka tsaya wuri ɗaya ka yi gudu a nan inda kake na sakan 20. Zaka lura ba yadda za a yi ka wurga ƙafa gaba, tana sauka ne ƙarƙashinka, diddige na ɗan taɓa ƙasa a hankali. Kana cikin haka sai ka ɗan karkata daga idon sawu ka bar jiki ya tafi, ka riƙe wannan saukar har taku talatin ko arba'in, ka tsaya ka sake. Hankalinka ya koma kan ɗauke ƙafa daga ƙasa da wuri, ka daina tunanin miƙa ta gaba. Tsawon taku daga baya yake zuwa, wato daga yadda cinya da ɗuwawu ke tunkuɗa ƙasa, ka kalli bidiyon gwanin gudu ɗan Kenya Eliud Kipchoge lokacin da ya yi famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a 2019, takunsa dogo ne ƙwarai amma ƙafar kusa da ƙarƙashinsa take sauka, tsawon duk a bayansa yake.

Na huɗu, yawan taku

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gyara saukar ƙafa ba tare da ka yi ta tunanin diddige da yatsu ba. In ka ƙara yawan taku kuma saurinka bai canza ba, dole takun ya gajarta, ƙafa ta dawo kusa da kanta.

Zaka ji ana ta cewa 180. Asalinsa wani koci ne ɗan Amurka, Jack Daniels, ya zauna ya ƙirga takun 'yan tsere a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles ya ga kusan duka 180 ne ko sama da haka. Amma su tsere suke yi na cin lambar zinare, kai kuma sassarfa kake a hanyar gona, dogon mutum ma takunsa ba zai zo ɗaya da gajere ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauki lambar da ka rubuta ka ƙara kashi 5 cikin ɗari, binciken da aka yi a jami'ar Wisconsin a 2011 ya nuna ƙarin kashi 5 zuwa 10 na rage nauyin da ke hawa gwiwa sosai. Mai 160 ya nufi 168, in ya zauna a jiki bayan wasu makonni ya ga ko zai kai 172 ko 176. Wanda ya riga ya kai 175 a sassarfa ba ruwansa da wannan mataki.

Ka shiga Play Store ka rubuta metronome, manhaja ce da ke buga ƙwal ƙwal daidai adadin da ka saita, ba ta cin data in ka sauke, ka sa wayar a aljihu kowane ƙwal ƙafa ɗaya. In babu waya, ku sa wanda takunsa ya fi gajarta da sauri a gaba sauran su bi ƙafarsa. Abin da zai ba ka wahala shi ne jiki zai so ya ƙara gudu, ka hana shi, saurin na nan yadda yake takun ne kawai ya ƙaru. Satin farko zaka ji wani banbarakwai kuma zaka fi haki, haka yake ga kowa.

Hannu da numfashi

Gwiwar hannu a lanƙwashe, hannu na tafiya gaba da baya kusa da haƙarƙari, ka fi mai da hankali kan tura gwiwar hannun baya. Kar hannu ya tsallaka tsakiyar ƙirji. Kar ka dunƙule shi irin na dambe, ɗora babban yatsa a kan manuniya kawai. In hannu ya yi sauri ƙafa ma zata bi.

Numfashi kuma baki da hanci duka, ka bar maganar wai buɗe baki na kawo gajiya. Ka shaƙa har ciki ya taso. Yawancin gudunka ya zama wanda zaka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba ka yanke ba, in ba ka iya amsa sallamar mai wucewa to ka yi sauri da yawa, rage. Gudun kullum a kan iyakar ƙarfi shi ke rusa tsayuwar da muke ta gyarawa. In sukar gefen ciki ta kama ka, wadda yara ke cewa saifa, ka rage gudu ka danna wurin ka fitar da iska a hankali har ta lafa, gobe kuma kar ka cika ciki da koko ko fura daf da fita.

Ƙasar da kake takawa

Hanyar burji da ta kwanta ita ce ta fi, sai burtali mai ƙasa a daddaɓe. Rairayi mai zurfi irin na jigayinmu yana gina ƙarfi amma yana cin agara da sha raɓa saboda diddige na nutsewa, sau ɗaya a sati ya isa kuma gajere, takun ma ka ƙara gajarta shi. Kwalta ba abin tsoro bace in takalmi na da kyau, sai dai gefenta a gangare yake don ruwa ya zurare, ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa da ɗaya, in ka samu gefen ƙasa mai lebur ka sauka can. Ka bi hannun hagu kana fuskantar motar da ke tahowa, ka sa riga mai haske, lokacin hunturu da hazo direba ba ya hango ka sai ya zo kanka, balle ranar kasuwa irin Juma'ar Wudil ko Alhamis ɗin Maigatari da manyan motocin shanu ke kwana a hanya.

Wurin hawa, gajeren taku, ido sama, hannu ya yi aiki. Gangara ce ma ta fi haɗari don nan kowa ke jingina baya ya wurga diddige, ka tsaya a miƙe ka ƙara saurin taku ka bar gangarar ta tafi da kai.

Takalmi

Na san ba kowa ke da kuɗin sabo ba, gwanjo muke saya a Ƙofar Wambai ko ranar kasuwa, ba laifi in ka iya zaɓe. Ka ajiye shi a kan tebur ko siminti ka kalle shi ta baya, in ya karkace gefe ɗaya bar shi, ƙafar mai shi na farko ta riga ta cinye shi. Ka danna soson da ke tsakanin tafi da roban ƙasa da babban yatsa, in ya yi tauri ko ya yi tamoji da yawa ya mutu ko da samansa na ƙyalli. Ka lanƙwasa shi, ya karye a wajen gindin yatsu ba a tsakiya ba. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da zaka yi gudu da ita, a samu faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Ana ƙiyasta takalmin gudu na yin kilomita 500 zuwa 800 ne, na gwanjo ka san ya riga ya ci wani abu a ciki. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi kuma filin ƙwallo aka yi wa shi, a kan titi azaba ce kawai.

Gudu ba takalmi fa? Abebe Bikila na Habasha ya ci famfalakin Olamfik a Rum a 1960 ƙafarsa a ƙasa, amma shi ɗin dai ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalmi, har ya fi sauri. Ni ina ganin amfaninsa a matsayin darasi, minti uku zuwa biyar a fili mai tsabta bayan ka gama gudu, saboda ƙafa tsirara ba ta yarda ka doka ta da ƙasa. Amma ka zaga filin da ido tukun, tsidau da ƙaya da fasasshiyar kwalba ba su san kana atisaye ba. Mai ciwon suga kar ya gwada sam. Mai faso ya dinga shafa basilin da dare ya sa safa, haka tsakanin yatsu in bororo na damunka.

Ƙarfafa ƙafa

Sau biyu a sati, minti goma sha biyar. Ka tsaya a bakin dakali gaban ƙafa a sama diddige a waje, ka ɗaga a hankali ka sauke a hankali, 15 sau uku, in ya yi sauƙi koma ƙafa ɗaya, ranar da ka iya 20 a jere da ƙafa ɗaya agararka ta fara ƙwari. Ka kifa turmi ka zauna ka tashi ba dafawa, gwiwa na bin saitin yatsu kar ta faɗa ciki. Ka kwanta rigingine a tabarma gwiwa a lanƙwashe ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe. Lokacin asuwaki ka tsaya da ƙafa ɗaya. Sai tsallen igiya minti ɗaya ɗaya, ba abin da ya kai shi koya wa ƙafa sauka a hankali da tashi da wuri.

Yadda zaka shigar da gyaran

Abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka fara da yawan taku. Sati biyun farko, a cikin gudun minti 30 ka yi minti ɗaya da sabon taku, minti huɗu yadda ka saba, haka har ka gama. Sati na uku da na huɗu minti uku da sabon taku, minti biyu yadda ka saba. Daga nan ka dinga tsawaitawa har ya zama ba sai ka tuna ba, yawanci sai an yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu. A duk wannan lokacin kar ka ƙara nisa, kar ka canza takalmi, kuma in saura sati biyu ko uku a kira ku tantancewa to ka bar gyaran sai an dawo. Bayan nan ma ƙarin nisa kaɗan kaɗan ne, kamar kashi 10 cikin ɗari a sati, kwana uku ko huɗu na gudu sun ishi mai farawa.

Gajiya ce ke dawo da tsohon hali, don haka ka sa wa kanka alama a hanya, duk bishiyar da ka sani ko kwalbati, in ka iso ka tambayi kanka: na miƙe? kafaɗa ta sauka? ina jin fat fat? Ka saki hannu ƙasa ka girgiza ka ci gaba. Da bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ka gama kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa har fitsari ya yi haske. Da azumi ka mayar da shi bayan buɗa baki ka rage nisa.

Tsamin jiki a ƙafafu biyu da ke sakin ka bayan kwana biyu ko uku ba komai bane, sha raɓa ma dole ta yi tsami a farkon gyaran. Wanda zaka tsaya saboda shi shi ne ciwon da zaka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa, wanda ke ƙaruwa in kana gudu, ko ka kasa tsalle da ƙafar, ko ya hana ka barci, ko wurin ya kumbura. Wannan na iya zama tsagewar ƙashi ta yawan dukan ƙasa, kuma hoton farko a asibiti sau da yawa ba ya nuna ta sai bayan sati biyu ko uku, don haka in likita yace ka huta ka huta ko da hoton ya fito fes. Masu ɗori suna da aikinsu amma wannan ba na murzawa bane. Kar ka sha maganin kashe ciwo daga kemis don ka samu ka fita, irin su diclofenac ga zafi ga ƙishirwa ƙoda suke taɓawa, tramadol kuwa ko a gwajin lafiyar ɗaukar aikin zai iya kayar da kai. Mai sikila, mai hawan jini, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yana gudu, ya fara zuwa asibiti a duba shi kafin ya shiga layin 'yan asuba.